HALIN RUWA DA YADDA YA KE TAFIYA

Kowa ya san ruwa. Shi mu ke sha, da shi mu ke alwala, da shi mu ke girki da gini da noma. Amma duk da wannan sabo, kowace damina sai ka ji ruwa ya ka da katangar wani, ko ya ci gonar wani, ko ya kwashe takin da wani ya sha wahalar kaiwa da jaki. Wani lokaci har rai ya kan salwanta a mashigin rafi.

Yawancin wannan hasara ana iya kauce mata. Allah ya halicci ruwa da halinsa, ba ya kuwa sake shi. Yadda ya ke tafiya a Sakkwato haka ya ke tafiya a Damagaram, haka a Makka, haka a Ingila. Wanda ya san halin nan, sai ya sa ruwa ya yi masa aiki. Wanda bai sani ba kuwa, ruwa ya yi ta yi masa ɓarna yana mamaki. A wannan darasi za mu duba halin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta a hankali. In kun koma gida ku gwada abin da aka ce ku gwada, domin gani ya kori ji.

ABUBUWA MASU MALALA

Ɗauki dutse ka sa a ƙwarya. Yana nan da kamanninsa na dutse. To, zuba ruwa a tulu, sai ya cika cikin tulu ya zama kamarsa. Juye shi a kwano, sai ya zama kamar kwano. Zuba shi a ƙasa, sai ya malale. Watau ruwa ba shi da siffar kansa, ta mazubinsa ya ke ɗauka.

Akwai abubuwa da yawa masu wannan hali, kamar nono, da man gyaɗa, da kananzir, da zuma, da jinin jikinmu. Iska ma tana cikinsu. Ku duba zugazugin maƙeri. Iska tana shiga ta cika fata, in ya danna sai ta fita ta bakin bututu, kamar yadda ruwa ke fita ta bakin buta. Bambancinsu guda ne babba. Iska tana matsuwa, shi ya sa a ke iya cusa mai yawa cikin tayar keke. Ruwa kuwa kusan ba ya matsuwa. In tulu ya cika, ya cika ke nan.

Dokar da ke kan ruwa ita ce a kan sauran 'yan'uwansa masu malala. Saboda haka in kun gane na ruwa, kun gane nasu.

HALI NA FARKO: RUWA YANA NEMAN GANGARE

Ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Kullum daga sama ya ke gangarowa ƙasa, domin nauyinsa yana jansa.

Ku duba kogunan ƙasarmu. Garin Jos yana bisa tsauni, tsayinsa daga teku wajen mita 1,200 ne. Mita ɗaya kamar dogon taki ɗaya ne na babban mutum. Kano ba ta kai mita 500 ba, Tafkin Chadi kuwa bai kai 300 ba. Shi ya sa Kogin Kano da Kogin Challawa, bayan sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja, su ke nufar gabas, su bi ta Gashuwa, su shiga Kogin Yobe mai zuwa Tafkin Chadi. A yamma kuma Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, sun wuce ta Argungu da Birnin Kabi, sun faɗa Kwara. Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, sun gangara teku. Ba wanda ya nuna musu hanya. Kowanne gangare ya bi.

In ruwa bai sami gangare ba, sai ya kwanta, fuskarsa ta daidaita, ba inda ya fi wani tsawo. Ga gwaji. Ku sami dogon tiyon roba irin wanda a ke ganin cikinsa. Ku zuba masa ruwa, amma kada ya cika, ku bar kumfar iska ta fita duka. Mutum biyu su riƙe bakunan a tsaye, su yi nesa da juna. Inda ruwa ya tsaya a wannan baki, daidai ya ke da inda ya tsaya a wancan, ko da tiyon ya yi kwana goma a tsakani. Da wannan dabara magina su ke daidaita harsashin gini. Manomi ma yana iya gane tudu da kwarin gonarsa da ita, ko inda ido ba ya iya rabewa.

Wannan hali ne ya sa a ke ɗora tankin ruwa a bisa doguwar hasumiya. Ruwan yana gangarowa ta cikin bututu, ya taso a famfon kowane gida da ke ƙasa da tankin. Gidan da ya fi tanki tudu ba zai sami ko ɗigo ba. Haka kuma madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta fi gonakin Kadawa tudu. Saboda haka ruwa yana bin babbar hanyar da aka gina masa, ya yi tafiya mai nisa, ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir ba tare da inji ya tura shi ba.

To, ga abin lura a gida. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi rariya tudu, rariya kuma ta fi hanyar waje tudu. In aka juya wannan tsari, ruwa zai kwana a gindin katanga ya jiƙa ta har ta faɗi.

Ga wani kuma wanda ya fi wannan muhimmanci. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa shi ma tafiya ya ke yi, yana ratsa yashi sannu sannu daga tudu zuwa kwari. In masai yana tudu, rijiya tana gangarensa, ƙazanta tana iya bin ruwan nan ta shiga rijiya ba wanda ya gani. Ta haka kwalara da zawo su ke shiga gari. Ma'aikatan lafiya sun ce a haƙa masai a gangaren rijiya, a kuma bar aƙalla taki 30 dogaye tsakaninsu.

HALI NA BIYU: RUWA YANA DA NAUYI, YANA KUMA DANNAWA

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 in ta cika, kilo 25 ka ɗauka, ban da nauyin jarkar kanta. Bari mu yi wani lissafi. A ce an yi ruwan sama a gona mai hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi. A ce da ruwan zai kwanta bai ɗaya, zurfinsa santimita ɗaya ne kawai, kamar faɗin farcen ɗan yatsa. Ruwan nan lita 100,000 ne, watau duro 500 na mai lita 200. Wannan ɗan ruwa ke nan wanda manomi zai ce bai ko jiƙa ƙasa sosai ba. Ku yi tunanin na mamako.

Da ya ke ruwa yana da nauyi, na sama yana danne na ƙasa. Ga gwaji. Ku sami dogon gwangwani, ku huda shi da ƙusa wuri uku a gefe, ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya kusa da gindi. Ku kife turmi ku ɗora shi a kai. Wani ya toshe kafofin da yatsu, a cika gwangwanin, sa'an nan ya sake su gaba ɗaya. Ruwan kafar sama zai zubo a sanyaye. Na tsakiya zai fi shi ƙarfi. Na gindi kuwa zai yi tsartuwa ya faɗa nesa. Watau iyakar zurfin ruwa, iyakar ƙarfin dannawarsa. Ba ƙasa kaɗai ya ke dannawa ba, har gefe. Wanda ya taɓa yin nutso cikin gulbi mai zurfi ya ji wannan a kunnensa.

Shi ya sa in za a gina madatsar ruwa a ke yi mata gindi mai faɗi ƙwarai, sama kuwa siriri. Gindin ne ke ɗaukar wahala. In ruwa ya sami 'yar kafa a ciki, ko ta ɓera ko ta gara, zai yi ta cinta yana faɗaɗa ta. In kuma ya cika ya tsallake ta kan madatsar ƙasa, sai ya yanka ta daga baya. Madatsar Bagauda a ƙasar Kano ta ɓalle a 1988. Ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye yawancin birnin Maiduguri, mutane da yawa suka rasa gidajensu, waɗansu suka rasa rayukansu. Saboda haka in garinku yana kusa da madatsa, kuka ga tana yoyo ko ta tsage, ku gaya wa mai gari da hukuma nan da nan. In kuma kuna tare ruwa da kanku a fadama, ku yi wa bangon gindi mai faɗi, ku daɓe shi sosai, ku bar mafita a gefe inda rarar ruwa za ta wuce.

Mai soro shi ma ya kula. In indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa zai kwanta a kan rufi. Ga nauyi, ga jiƙa. A share indararo tun da bazara.

Ruwa yana kuma tura abu sama. Mai jan guga ya sani, guga ba shi da nauyi muddin yana cikin ruwa, sai ya fito hannu ke jinsa. Wani masani Bagirike mai suna Arkimidas, wanda ya zauna a tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ya gano ƙa'idar wannan. Duk abin da ya shiga ruwa ya ture lita ɗaya daga wurinta, ruwa zai tallafe shi da ƙarfin kilo ɗaya. Shi ya sa allura ke nutsewa, amma jirgin ƙarfe mai faɗin ciki yana yawo a kan teku. Kwalekwale ma haka ne. Kowane buhu da kowane mutum da aka ƙara, sai ya ƙara nutsewa domin ya ture ruwa daidai nauyinsu. In bakinsa ya kusa taɓa ruwa, 'yar igiyar ruwa kaɗan ta isa ta cika shi. In kun ga an cika jirgin fito haka, ku jira sawu na biyu.

HALI NA UKU: GUDUN RUWA

Wani ruwa yana tafiya kamar hawainiya, wani kamar doki. Abu uku ne ke kawo bambancin, gangare, da irin hanya, da kaurin abin da ke malala.

Na gangare kowa ya gane shi. In gangare ya yi tsanani, gudu ya ƙaru.

Na hanya kuwa sai an lura. Ku saki ruwa a tiyo, ku danne rabin bakinsa da babban yatsa. Ruwan zai fita da ƙarfi ya faɗa nesa. Dalili, ruwan da ke tafe a baya bai tsaya ba, ba ya kuwa matsuwa, tilas ya ƙara sauri domin ya wuce ta ƙaramar ƙofa. Haka rafi ya ke. Inda ya yi faɗi yana tafiya a hankali, inda ya tsuke, kamar ƙarƙashin gada ko bakin kwalbati, nan ya ke gudu. Ku hana yara wanka a irin wurin nan.

Ku je bakin rafi da kara biyu. Ku jefa ɗaya tsakiya, ɗaya kusa da gaɓa. Na tsakiya zai wuce ya bar ɗan'uwansa. Ruwan gefe yana gugar ƙasa da ciyawa, suna riƙe shi, na tsakiya kuwa ba mai riƙe shi. A cikin bututu ma haka ne. Bututu mai inci biyu, bakinsa ya ninka na mai inci ɗaya sau huɗu, ruwan da ya ke kawowa kuwa ya fi ninki huɗu, domin gugar ta ragu. Mai lambu da ya sayi siririn tiyo mai tsawo don arha, injinsa zai sha mai da yawa, ruwa kaɗan ya isa fage.

Inda rafi ya yi kwana, ruwan da ke bayan kwanar ya fi gudu, yana cin gaɓa yana zurfafa ta. Na cikin kwanar yana tafiya a hankali, yana ajiye yashi. Kada a gina gida ko rumbu a gaɓar da ruwa ke ci.

Ga babbar magana ga manomi. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa sau huɗu ya ke ninkawa. Ruwa mai tafiya a hankali laka kaɗai ya ke iya ɗauka. In ya ƙara gudu ya ɗauki yashi, in ya ƙara ya ɗauki tsakuwa har da duwatsu. Jan ruwan nan da ku ke gani yana fita daga gona bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasar sama ce mai albarka ta ke tafiya tare da taki. 'Yar hanyar da ya yi bana, wadda yaro zai tsallake, ita ce kwazazzabon da zai raba gonar biyu nan da 'yan shekaru.

Maganin abin shi ne a rage wa ruwa gudu. In gona tana da gangare, a yi kunya a gicciye, kada a bi gangaren da ita, domin kowace kunya ta tare ruwa ya nutse. A jera duwatsu a layi a gicciyen gangare, ko a dasa jema ko gamba. Ruwa zai ratsa su a hankali ya bar ƙasar da ya ɗauko. A ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar manoma suna haƙa ƙananan ramuka da su ke kira tassa, su zuba taki a ciki, suna kuma yin ganuwar ƙasa mai siffar rabin wata tana fuskantar tudu. Ruwan da a dā ya ke zarcewa a kan fako yanzu yana tsayawa ya nutse, har fako ya koma ba da gero.

Mai tafiya shi ma ya kiyayi ruwa mai gudu. Wanda bai kai gwiwa ba yana iya ka da ƙaton mutum, wanda ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota. In kun iske rafi ya kawo, ku zauna ku jira ya janye.

Saura kauri. Zuba ruwa a faranti ka karkata shi, nan da nan ya zube. Zuba zuma, sai ta yi ta jan jiki. Abu mai kauri yana riƙe kansa da kansa, shi ya sa ba ya sauri. Zafi yana rage kauri, sanyi yana ƙara shi. Mata sun san wannan, da hunturu manja ba ya fita daga kwalba sai an ajiye shi a rana ko kusa da murhu.

HALI NA HUƊU: ISKA TANA TAIMAKON RUWA

Iska ma tana da nauyi, ko da ya ke ba mu ji, domin a cikinta aka haife mu. Tana danna kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa da nauyin wajen kilo ɗaya.

Ku huda gwangwanin madara wuri ɗaya ku karkata shi. Madara ba ta fita sosai. Ku ƙara kafa ta biyu a ɗaya gefen, sai ta zubo sumul. Iskar waje ce ta tare kafar farko. Da aka buɗe ta biyu, iska ta shiga ta maye gurbin madarar da ke fita.

In ka sa bututu a kwano ka zuƙa, iskar cikin bututun ka ke janyewa, sai iskar waje ta danna fuskar ruwan ta tura shi sama zuwa bakinka. Injin ban-ruwa ma haka ya ke yi. Amma ƙarfin iska yana da iyaka. Tun dā masu famfo a ƙasar Italiya sun lura ruwa ba ya zuƙuwa ya wuce wajen mita 10, kome kyan famfon. A 1643 wani masani mai suna Toriceli, almajirin Galileyo, ya bayyana dalili, watau iyakar ruwan da nauyin iska ke iya ɗagawa ke nan. A wurin aiki ma ba a samun goman, inji ya kan gaza daga wajen mita 7 ko 8. Saboda haka in ruwan rijiyar lambu ya ja baya da rani, inji ya daina kawowa, ba lalle ne ya lalace ba. Kafin a kai shi wurin bakanike, a haƙa rami a sauke shi kusa da ruwa a gani. A kuma duba ko tiyon zuƙa ya huje, domin in iska tana shiga, ruwa ba zai hau ba. Rijiyar burtsatse mai zurfi kuwa, can ƙasa cikin ruwa a ke sa abin da ke turo shi sama.

Da taimakon iska ana iya sa ruwa ya tsallake bango. A cika tiyo da ruwa, a toshe bakunansa biyu. A tsoma ɗaya cikin duro, a sauke ɗaya waje har ya fi fuskar ruwan duron ƙasa, sa'an nan a sake. Ruwa zai hau ya tsallake bakin duro ya yi ta zuba. In aka ɗaga bakin waje ya fi ruwan ciki tsawo, sai ya tsaya, domin ko a nan gangare ya ke nema. Kada dai a zuƙi fetur ko kananzir da baki don a tashi tiyo. In ya shiga huhu yana iya kisa.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Kafin ruwan farko ya sauka, kowane mai gida ya zaga gidansa da gonarsa, ya tambayi kansa abu uku. Ina ruwa zai fito? Ina zai bi? Ina zai kwanta? A gida a buɗe masa hanya ya fita da sauri. A gona a tare shi ya tafi a hankali ya nutse. A rijiya a nisanta shi da ƙazanta. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, sai fartanya da lura. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Don me a ke ɗora tankin ruwa a bisa hasumiya?
2. Taki nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya? Wanne zai kasance a gangare?
3. Jarka huɗu masu lita 25 cike da ruwa, kilo nawa ne nauyin ruwan?
4. A gwajin gwangwani, wace kafa ce ta fi tsartuwa? Don me?
5. Faɗi hanya uku na rage gudun ruwa a gona.
6. Rubuta sunan rafin da ya fi kusa da garinku, da sunan kogin da ya ke faɗawa.